Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Lissafi da Kimiyya, Kumasi

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, malamai da 'yan'uwa.

An yi tarukan wata-wata kamar kullum, sai biyu da aka ɗage saboda ba a cika ba.

Aikin da ya fi faranta mana rai bana shi ne awon kewayen duniya da yaranmu na Aboabo da Asawase suka yi a watan Maris, ranar da dare da rana suke daidaita, tare da ɗaliban wani ɗan'uwanmu malami a Tamale. Dabarar ta masanin nan Bagirke Eratosthenes ce, wanda ya yi ta a Masar wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ga tsakanin Aswan da Iskandariya inuwa ta bambanta da digiri 7.2, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, don haka kewayen duniya ya ninka tazarar garuruwan biyu sau 50. Mu kuma sandar mita ɗaya muka kafa a kowane gari, muna sa alama a bakin inuwar duk bayan minti biyu har ta kai ƙarshen gajartarta. Wannan shi ne zawalin da malamanmu suke koyarwa a babin lokutan salla, kuma a ranar bai faɗo a sha biyu daidai ba, sai wajen 12:14 a nan Kumasi. Inuwarmu ta tsaya a santimita 11.7, ta Tamale 16.5. Da aka raba tsawon inuwa da tsawon sanda aka nemi kusurwa a kalkuleta, ta nan ta fito digiri 6.7, ta can 9.4. Bambanci 2.7 ke nan. A raba 360 da 2.7, a samu 133 da ɗoriya, a ninka da kilomita 300 da Tamale ta fi mu kusa da arewa, sai ga kilomita 40,000. Sanannen adadin in an bi ta ƙuryar arewa da ta kudu shi ne 40,008. Wata yarinya 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare ta sake lissafin sau uku a bayan littafinta kafin ta yarda, kuma dattawan da suka fito daga alwala sun tsaya kan allon har aka kusa tayar da salla.

Duk wanda zai maimaita wannan a makarantarsa ya kula da inda muka yi tuntuɓe a gwajin farko. Tsakanin inuwar biyu santimita biyar ne kacal, ita kuwa sanda in ta karkata da digiri ɗaya tak, inuwa tana canzawa da santimita 1.7, kashi ɗaya cikin uku na abin da ake nema ya tafi ke nan. Ido ba ya ganin wannan karkata. Sai da muka ari igiyar magina mai ƙarfe a baki muka saita sandar, muka daidaita ƙasa da farin tiyo mai ruwa a ciki. Bakin inuwa ma dishi-dishi yake, domin faɗin rana a sama ya kai rabin digiri, don haka muka manna kwali mai ƙaramin huji a kan sandar, muka riƙa auna tsakiyar ɗigon hasken. Rukuni ɗaya ya yi amfani da tsawon titi, kusan kilomita 380, ya samu sama da 50,000. Titi yana lanƙwasa, Tamale kuma tana ɗan gabas da mu, tazarar kudu da arewa kaɗai ake so. Kada kuma a yi gwajin tsakanin 6 da 14 ga Afrilu ba tare da lura ba. A kwanakin rana tana tsakanin garuruwan biyu, inuwarmu tana kallon kudu, tasu arewa, sai an haɗa kusurwoyin maimakon a debe.

Ajin kwamfuta bai fara ba, kuma mun ji maganganun da ake yi cewa kwamiti ya yi sakaci. Kwamfutocin da aka ba mu kyauta tsofaffi ne. Ƙaramin batirin CR2032 da ke riƙe kwanan wata ya mutu a yawancinsu, duk sanda aka kunna sai su koma shekarun baya, shafukan intanet kuma su ƙi buɗewa saboda kwanan watan bai dace da takardar amincin shafin ba. Mun sauya batiran da kuɗin aljihu, mun sa manhajar Linux mara nauyi mai tafiyar da kwamfuta, da Scratch da Python na koyon rubuta manhaja. Sai aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, akwatin wutar kwamfutoci biyu ya ƙone. Ba za mu sake jona sauran ba sai an sayi UPS, na'urar da ke riƙe wuta ta kuma kare kwamfuta daga wuta mai ƙarfi, domin in suka lalace babu mai ba mu wasu. Kuɗin UPS daga kuɗin wata zai fito, kuma ko rabin mambobi ba su biya ba. Ma'aji yana tura lambar MoMo, ta tura kuɗi ta waya, kowane farkon wata. Ana ganin saƙon, a aiko da addu'a, a yi shiru. Abin da ya fi ciwo shi ne wasu daga cikin masu tambayar ina aka kwana a WhatsApp su ne bashin wata da watanni yake kansu, kuma ko ranar awon inuwa da ba a nemi sisi ba, ba mu gan su ba.

Gasar oware, wasan zuba 'ya'ya a ramukan allo, da muka so haɗawa da darasin ƙirga ita ma ta tsaya. Mun shirya nuna wa yara yadda masana a Amsterdam suka bi duk yanayin wasan da kwamfuta a 2002, sama da biliyan 889, suka tabbatar in kowa bai yi kuskure ba canjaras ake tashi. Allunan suna nan, mai tsayawa da yara ranar Asabar ne babu.

A makon farko na Afrilu rana za ta ratsa daidai saman Kumasi, sanda ta rasa inuwa da tsakar rana. Muna neman mutum huɗu da za su riƙe rukunonin yara, su ba sakatare sunayensu kafin taro mai zuwa. Masu bashi su ga ma'aji, ya yarda a biya kaɗan-kaɗan.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti