Maganar auta da ta daina cin nama

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da su Hajiya, na san shirun ya yi yawa, amma maganar 'yarka auta ce ta hana ni sukuni har na ɗauki alƙalami. Wata uku ke nan rabonta da nama, ta kuma haɗa da ƙwai da madara da zuma, har takalmin fatar da ka aiko mata daga Kano yana nan cikin kwalinsa ba ta taɓa sa shi ba.

Da farko na ɗauka zugar ƙawaye ce, tunda aƙidar ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba tana da tushe a nan Ingila. Donald Watson, wanda ya zauna a garin nan namu na Leicester, shi da abokansa ne suka kafa ƙungiyarta a 1944. Na zaunar da ita na ce mata abin da Allah ya halatta babu mai haramta shi, kuma layya ibada ce. Ba ta musa ba. Sai ta tambaye ni ko na san cewa a masana'antun ƙwai, 'yan tsaki maza ana kashe su ne ranar da aka ƙyanƙyashe su saboda ba za su yi ƙwai ba, abin da ya sa Jamus ta hana hakan tun farkon 2022, da kuma cewa ana raba ɗan maraƙi da uwarsa cikin 'yan kwanaki domin a sayar da nononta.

Wallahi, na rasa ta cewa. Na tuna rugar da muke zuwa shan fura, inda sai an bar ɗan maraƙi ya fara tsotsa kafin a kawo ƙwarya a tatsa. Na tuna kuma addinin da ya halatta mana yanka shi ne ya umarce mu da wasa wuƙa domin a hutar da dabba, ya kuma ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure. Har yanzu ina ganin ta wuce gona da iri a kan zuma da fata, amma kan yadda ake kiwon nan gaskiyarta ce, kuma hannuna kan yi nauyi duk lokacin da zan ɗauki kwalin ƙwai a kanti.

Uwarta dai damuwarta kada yarinyar ta rame, kullum wake da alayyahu take dafa mata. Don Allah ka kai wa Malam maganar kafin Babbar Sallah, ka ji mini yadda ya kamata na bi da ita ranar layya ba tare da na tilasta mata ba.

Naka amini.