Wasiƙa a kan wani tsohon tarago

Kano

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya sanyin Ingila? Mu ma nan hunturu ya kankama, da safe ko dutsen Dala ba a hangowa don hazo. Hajiya tana gaishe ka, ta ce a faɗa maka ka daɗe ba ka kira ta ba.

Hotunan da ka turo mini daga gidan tarihin jiragen ƙasa na York sun iso. Na daɗe ina kallon shuɗin kan jirgin nan, Mallard, wanda ya yi gudun mil 126 a awa ɗaya a 1938, ga shi yana ƙyalli kamar jiya aka ƙera shi. Amma wallahi ba shi ne ya hana ni barci ba. Hoton ƙarshe ne, na wani taragon kaya na katako da ka ce ka ɗauka ne kawai a kan hanyarka ta fita. Ina ganinsa sai Baba ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Ka tuna doguwar gudumarsa? Yadda yake bin taragu ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu, yana kasa kunne? Lafiyayyar ƙafa ƙararta kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa sai ka ji ta dushe. Sannan ya taɓa akwatin gindin ƙafar da bayan hannu, ya ji ko ya yi zafi. Mu kuwa muna gefe da kwanon abincinsa, mun ƙagu ya gama mu samu ɗan saura.

Ranar Asabar da ta wuce na kasa haƙuri, na taka har bakin tsohon layin dogo. A wani reshe da ciyawa ta rufe na tarar da rufaffen tarago irin wanda ake loda gyaɗa. Rufin ya ɓule, gara ta cinye katakon ƙasa, ƙofa ɗaya babu ita. An riga an ɓalle farantin da ke ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera shi da shekarar ƙira, sai ramukan ƙusa huɗu suka rage. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don an raba shi da asalinsa ke nan. Amma da na durƙusa na leƙa ƙarƙashi, na kankare da makulli, sai ga ƙarfe mai kauri, tsatsar a sama kawai take. Bushewar iskar Kano ta yi masa rana. Da a Ikko ko Fatakwal yake, da gishirin teku ya gama da shi tuntuni.

Ka san dogo ya iso Kano daga Baro, wani gari a bakin kogin Kwara, a 1911, zamanin Sarki Abbas, bayan talakawa sun sha wuyar aikin diga. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa don masaƙunsu, manomanmu suka duba inda riba take, suka zaɓi gyaɗa. Daga nan su Alhaji Alhassan Ɗantata suka bunƙasa. Kowa yana alfahari da dalar gyaɗa, har a bangon makarantu ake zana ta, amma ba a cika faɗin abin da ya sa aka tara ta ba: buhuna ne da ke jiran tarago, gyaɗar ta fi ƙarfin abin da jirgi ke iya kwashewa. Taragun nan su suka kai shanu da fatu da kiraga kudu, suka dawo da goro da gishiri da kananzir da atamfa. Fagge da Sabon Gari da Kantin Kwari duk sun ci albarkacinsu. Dalar ta tafi, ba wanda zai iya ajiye gyaɗa shekara sittin. Taragon kuwa ana iya ajiye shi.

Akwai wani labari na can wajenku da nake so ka bincika. A garin Barry da ke Wales, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya sayi kawunan jirgi masu tururi kusan 300. Sai ya ga yanka taragu ya fi sauƙi da saurin kawo kuɗi, ya fara da su, ya bar kawunan a fili shekara da shekaru. Kafin ya waiwaye su, masu kishin abin sun yi ta karo-karo suna saye ɗaya bayan ɗaya, har aka tsirar da 213. Kowa murnar kawunan yake yi, ni kuwa taragun nake tausayi. Ko'ina haka ne, kan jirgi shi ne ango, tarago ɗan dako, ba mai tunawa da shi sai an nema an rasa.

Kada ka ce abin na Turawa ne kawai. A Saliyo, da aka rufe layin dogonsu a tsakiyar shekarun 1970, an adana wasu kawunan jirgi da taragu a ma'aikatar gyara ta Cline Town a Firitawun, suka tsallake yaƙin basasa, aka buɗe gidan tarihi da su a 2005. A Jos akwai kayan ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957. A Ebute Metta ta Ikko an gyara gidan Jaekel, wani tsohon ginin hukumar jiragen ƙasa, aka mai da shi ɗan gidan tarihi. To Kano fa, inda kayan suka fi fitowa?

Ban ce mu tayar da kan jirgi mai tururi ba, na san iyakata. Tukunyarsa kaɗai aiki ce babba: a zare bututun da ke cikinta, a duba ɗakin wuta, a cika ta da ruwa a matsa a ga ko tana yoyo, ga kuma abin da aka naɗe tsofaffin tukwane da shi, asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Flying Scotsman, shahararren kan jirgi mai tururi na can wajenku, shekara 10 aka yi ana gyaransa, ya ci sama da fam miliyan 4 kafin ya koma kan layi a 2016. Ko mun samu wani, a tsaye za mu ajiye shi ƙarƙashin rumfa, a goge shi, a shafe shi. Tarago kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Da farko a raba shi da ruwan sama. A ɗauki hoto da awon kowane katako kafin a cire, a kankare tsatsa da burushin waya, a shafa jan fentin da ke hana ta dawowa, a wanke akwatunan ƙafa a zuba mai, a sa sabon katakon da aka yi wa maganin gara. Duk abin da zai iya zama, a bar shi, ko da ya lotsa. Ba na so a mai da shi sabo fil har Baba ya kasa gane shi da yana raye. Na yi magana da wani mai walda da wani kafinta a unguwarmu, dukansu sun ce a kira su.

Abin da ke sa ni gaggawa shi ne sabon layin da ake shimfiɗawa. Ina murna da shi ƙwarai, amma faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, tsohon kuwa ƙafa 3 da inci 6. Tsofaffin taragu ba za su taɓa hawansa ba, kuma abin da aka daina mora, 'yan gwangwan ba sa barinsa ya kwana.

Kayan hukuma ne, don haka ba zan taɓa ko ƙusa ba sai da izini a rubuce. Ina shirya takardar roƙo, zan turo maka ka gyara mini Turancin. Sannan don Allah idan ka koma York, ka nemi masu aikin sa kai a wurin, ka tambaye su irin fentin da suke sawa a ƙarƙashi da yadda suke rubuta tarihin kowane tarago. Ka ɗauko mini hoton ƙasan, ba saman ba. Ni kuma gobe in sha Allahu zan je wurin wani tsohon abokin aikin Baba da har yanzu yake da ƙarfinsa, in ɗauki muryarsa a waya. Wataƙila in na nuna masa hoton ya tuna lambar taragon.

Ka gaida uwargida da yara, ka ce wa babban ina jiran sakamakon jarrabawarsa. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Kano