Ɗayan da ake ajiyewa dami ne

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin malamai da iyaye a nan Damagaram kan yadda ake koya wa ƙananan yara tarawa mai ajiya.

Kwanan baya jikata, wadda take aji biyu, ta kawo mini allonta. An ba ta 27 ta tara da 15, ita kuwa ta rubuta 312. Ƙidayarta ba ta ɓata ba, domin bakwai da biyar goma sha biyu ne, biyu da ɗaya kuma uku, sai ta jera su yadda suka zo. Da na ce mata ai ana ajiye ɗaya, sai ta ce, "Kaka, ɗayan mene ne?" Ta haddace maganar, amma ba ta taɓa ganin ɗayan da idonta ba.

Na sa ta kakkaryo karan gero, muka ɗaure shi goma-goma da zare. Ta ajiye dami biyu da kara bakwai a tabarma, sannan dami ɗaya da kara biyar a ƙarƙashinsu. Da ta haɗa kararen da ke warwatse suka kai goma sha biyu, na ce mata ba a barin goma a kwance, sai ta ɗaure su da hannunta ta kai sabon damin wajen ƴan'uwansa, ya zama dami huɗu da kara biyu, wato 42. Washegari ita kaɗai ta yi 58 da 36, ta samu 94.

Harshenmu ma yana taimakawa, tun da "goma sha biyu" ya riga ya raba damin da ragowarsa, kuma dattawa suna cewa "gomiya huɗu" a maimakon arba'in. A nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973, saboda haka bayyana wa yaro lissafi da Hausa ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Sai dai a yi hattara da kuɗi. Yaron da aka saba aike kasuwar Dole ya san sefa 100 da sunan dala ashirin, tun da dala ɗaya sefa biyar ce, don haka tsabar kuɗi za su rikita masa ƙidayar goma-goma.

Roƙona ga masu duba makarantu shi ne su bar wa malamai isassun makonni na ɗaure kara da kwance shi kafin a koma kan babban allo, musamman lokacin da kaka ta bar kara a kowace gona.

Wassalam,
Wani dattijo daga unguwar Birni, Damagaram