A ba mu tarihin Dorothy Hodgkin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ku ware fili a shafinku na kimiyya ku kawo tarihin Dorothy Hodgkin, 'yar Ingila da aka haifa a Alƙahira a 1910. Da hasken X-ray ta gano tsarin ginin penisilin da bitamin B12, har ta samu kyautar Nobel a 1964, tana ƙasar Gana labarin ya iske ta.

Aikinta kan insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ya fi taɓa min zuciya. Shekara 35 tana fama da shi, ga ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe mata yatsu, sai a 1969 ta kai gaci. Masu ciwon suga sun cika gidajenmu, amma da wuya ka sami ɗalibar sakandare da ta san sunanta.

Taku,
Wata malamar kimiyya, Zariya