Finafinan Charlie Chaplin da kiɗansu ake kallo

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ka bani ɗan fili a shafinku na nishaɗi in yi magana akan tsofaffin finafinan barkwancin nan na Turawa marasa magana, irin nasu Charlie Chaplin da Buster Keaton, wanda yanzu yara suke ta yawo da guntayensu a TikTok da Facebook an ɗora musu waƙar da ba ta da alaƙa da su, an ƙara musu gudu, harda dariyar na'ura a sama. Gaskiya abun yana damuna, saboda wanda ya kalle su a haka bai ga rabin aikin ba.

Mutane da yawa sun ɗauka a da shiru ake zama a kalli finafinan nan. Ko kaɗan. Tun kafin fim mai magana ya fito a 1927, kusan kowane gidan sinima da makaɗansa a gaban allo, ƙaramin gida mutum ɗaya ne da fiyano yana kallo yana bin abunda ke faruwa, manyan gidaje kuma cikakkiyar ƙungiyar makaɗa ce, masu goge da masu busa da masu ganga. Gidan Roxy na New York da aka buɗe a 1927 makaɗansa sun haura 100. Da sauti ya shigo dubban makaɗa suka rasa abinci a Amurka, har ƙungiyarsu ta riƙa buga talla a jaridu tana yaƙi da kiɗan da aka naɗa a na'ura.

Toh shi Chaplin bai yarda da magana da wuri ba. A 1931, lokacin kusan kowa a Amurka ya koma fim mai magana, ya fitar da City Lights babu hira a ciki, kuma shi da kansa ya tsara kiɗan duk da bai iya rubuta kiɗa a takarda ba, sai dai ya rera ko ya taɓa a fiyano wasu ƙwararru su rubuta. Haka ya sake yi a Modern Times a 1936. Abunda yafi burge ni a nan shine baya son kiɗan ya zama abun dariya. Masu taya shi aiki sun so su sa kiɗan shashanci, shi kuma ya dage sai mai taushi mai kwantar da zuciya, saboda talakan nan da Chaplin ke fitowa a matsayinsa, mai gashin baki da sanda da ƙaton takalmi, yana ɗaukar kansa da mutunci, kuma idan kiɗa ya girmama shi sannan ya zame ya faɗi, dariyar tafi fitowa, tausayin ma yafi shiga. Wanda ya cire wannan kiɗan ya ɗora nasa ya mayar da mutumin wawa kawai.

Har yau a Turai ana haska su yanda ya kamata. A Italiya akwai bikin finafinai marasa magana na garin Pordenone tun 1982, sannan a Bologna ana kafa ƙaton allo a dandalin tsakiyar gari da daddare, makaɗa suna zaune a ƙasan allon suna kaɗawa kai tsaye. Aikin jagoran makaɗan ba wasa bane, fim baya jiran kowa, ido ɗaya a takarda ɗaya a allo, idan aka mari mutum dole ganga ta faɗi daidai da marin, in ya makara da daƙiƙa ɗaya dariyar ta mutu. Kuma dariyar ɗaruruwan mutane tana iya danne kiɗan, dole ya riƙe makaɗansa kar su ruɗe. Marigayi Carl Davis, wani mai tsara kiɗa da ya rasu a 2023, ya rubuta sabon kiɗa wa finafinan Keaton da Harold Lloyd, wani ɗan barkwancin na zamaninsu, wani jagoran makaɗa Timothy Brock kuma shi ya zauna ya tattaro tsofaffin takardun kiɗan Chaplin ya gyara su dan a iya kaɗa su a gaban jama'a.

Mu ma ba baƙon abu bane a wajenmu mutum ya tsaya kusa da allo yana ba fim murya. Iyayenmu sun san majigi, motar da ke zuwa gari a kafa farin ƙyalle a fili, mai bayani yana fassara wa jama'a da Hausa. Kuma fim ɗin da babu Turanci a cikinsa ai kowa zai gane, tsoho da yaro, wanda yayi boko da wanda bai yi ba.

Roƙona Malam Edita shine ku yi rubutu na musamman akan wannan, ku kuma ja hankalin gidajen talabijin ɗinmu idan zasu saka finafinan nan su saka su cikakku da kiɗansu na asali. Sannan sassan koyar da wasan kwaikwayo da kiɗa na jami'o'inmu su gwada ko da gajeren fim ɗaya na minti 20, a samo mai goge da mai kalangu da mai sarewa, su kalla su yi atisaye, sannan a gayyaci jama'a. Ni dai in aka yi zan biya kuɗin mota in je.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai karatu a kullum,
daga Zariya