Rahoton ayyukan shekara na kwamitin horar da masu koyon kanikanci

Assalamu alaikum, iyayenmu masu gareji da 'yan uwa mambobi.

Aikin da ya fi cin lokacin kwamiti a bana shi ne horar da yaran da ke koyon sana'a a garejin mambobi. Tun zaman farko muka tsaya a kan cewa yaro ya iya awo kafin ya iya kwance ƙarfe. Dalili kuwa, ƙorafin da masu mota suka fi kawo mana shi ne an canza musu kayan da lafiyarsa ƙalau, an kuma mayar musu da mota da ciwonta na asali.

Da mita, na'urar auna ƙarfin lantarki, muka fara. Kowane yaro sai da ya auna batir da hannunsa. Batir mai cikakken caji, inji a kashe, yana nuna kusan volt 12.6, idan ya sauko 12.2, rabin cajinsa ya tafi. Lokacin tayar da mota bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan inji yana aiki, a nemi 13.5 zuwa 14.5. In bai kai ba, a duba fanbel, altaneta (mai cajin batir) da kan batir, musamman wanda ya yi farin gari ko ya saki, kafin a tura mai mota sayen sabo.

Daga nan muka shiga na'urar gano matsala, wadda ake sokawa a kafar OBD-II mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Tun 1996 aka wajabta wannan kafa ga motocin da ake sayarwa a Amurka, yanzu da wuya motar zamani ta shigo gareji babu ita. A nan yara suka fi tuntuɓe, har da wasu manya, in za a faɗi gaskiya. Lambar da na'ura ta fitar tana nuna wurin da kwamfutar mota ta ga alamar ciwo ne kawai, ba ta ce ga kayan da za a canza ba. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai, kuma tsagaggen tiyo, famfon mai mai rauni ko nozul mai datti duk suna iya jawo ta. P0301 kuwa silinda ta ɗaya ce ba ta cin wuta daidai. Abin da muka koyar shi ne a ɗauke kwayil ɗinta, wato abin da ke ba fulogi wuta, a mayar silinda ta biyu, a goge lambar, a sake tayarwa. Idan lambar ta koma P0302, wato ta silinda ta biyu, kwayil ne. Idan ta tsaya inda take, a bi fulogi, sannan nozul, sannan a auna matsin silinda.

Maganar tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, ta jawo muhawara mai zafi, kuma kwamiti bai janye ba. Cire shi don mota tana zafi kuskure ne. An ƙera inji ya yi aiki a kusan digiri 90 na ma'aunin Celsius. Idan babu tamostat, inji yakan daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfuta ta ci gaba da ƙara mai, motar ta riƙa shan fetur, wani ya zurara ta gefen fiston ya tsinka baƙin mai. Shi kuwa ainihin ciwon yana nan: toshewar lagireto, fankar da ba ta tashi, murfin da ya daina riƙe matsi, famfon ruwa, ko gaskit da ya ƙone. Mun kuma hana zuba ruwa zalla, domin shi ke kawo tsatsa. Rabi ruwa mai tsabta, rabi ruwan sanyaya inji. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi da zafi.

Ƙungiya ta samar da sifanar awon ɗauri da mambobi ke ara. Da ita yara suka koyi ɗaure tof silinda daga tsakiya zuwa gefe, hawa-hawa, da ƙarfin da littafin motar ya faɗa, da ɗaure notin taya a tsallake. Ɗaurin "sai ya yi ƙara" shi ke tsinke kusa. Muna roƙon masu ara su riƙa sassauta ta zuwa ƙaramin awo bayan aiki, in ba haka ba sifirin cikinta yakan gaji ta fara ƙarya.

A ɓangaren kariya, dokar ba ta canza ba: ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, sai an kafa ƙarfen tokari. Abin da muka ƙara bana shi ne motocin da ke haɗa fetur da lantarki. Batirin Toyota Prius ƙirar 2004 ya haura volt 200, kuma duk waya mai ruwan lemo ta babban lantarki ce. Mai koyo ba ya taɓa ta. Wanda aka horar ma sai da safar hannu ta volt 1,000, ya zare makullin batir, ya jira mintunan da littafi ya ƙayyade, ya auna ya ga babu wuta.

Wajen yaye yara, mun ɗauki gwajin hannu: a sa wa mota matsala da gangan, yaro ya gano ta, ya faɗi yadda ya gano. Wanda ya dace da sa'a bai iya bayani ba, ya ƙara zama.

Abu biyu ba mu cim ma ba. Littafin rubuta aikin kowace mota bai karɓu a gareji da dama ba, kuma har yanzu ana zubar da tsohon baƙin mai a ƙasa maimakon a tara shi a duro. Da su za mu buɗe zaman farko na baɗi, tare da darasin giya mai sarrafa kanta da mambobi suka nema. Maigidan da ke da yaron da zai shiga, ya miƙa sunansa ga sakatare.