Wasiƙa ga 'yata mai jego: goyo, dawowar ƙwai da tazarar haihuwa

Assalamu alaikum 'yata,

Ina fata kina lafiya, jiki yana ta ƙara ƙwari, yaro kuma yana kama nono yadda ya kamata. Ki gaishe min da maigidanki. Arba'in ta matso, kuma akwai maganar da nauyin baki kan hana uwa ta zaunar da 'yarta ta faɗa mata. Shi ya sa na rubuto, don ki karanta a natse, in kin so ki ba shi ma ya karanta.

Za ki ji mata suna cewa mai goyo ba ta ɗaukar ciki sai ta ga al'ada. Wannan magana ta jefa mata da yawa cikin kwanika. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne ƙwai yana iya rigan jini fitowa. A tsarin jikin mace, ƙwai ne ke fara fita, in bai haɗu da maniyyi ba sai al'ada ta biyo baya da kamar mako 2. Ke nan mace tana iya sakin ƙwanta na farko bayan haihuwa, ciki ya shiga, ba ta ga ko ɗigon jini ba. Sai a wayi gari yaro yana da wata 7 ko 8, uwar tana ta kasala da tashin zuciya ana cewa wahalar goyo ce. Macen da ba ta shayarwa ma tana iya sakin ƙwai tun wajen kwana 25 da haihuwa, tun kafin a gama wanka. Don haka kada ki mai da ganin al'ada ya zama alamar da kike jira.

Duk da haka goyo yana kariya, kariya mai ƙarfi ma. Duk lokacin da yaro ya tsotsa, saƙo yana tafiya daga kan nono zuwa ƙwaƙwalwa, sinadarin da ke kawo ruwan nono ya ƙaru, wanda ke nunar da ƙwai kuma ya lafa. Tsotson ne ke yin aikin, yawansa da kusancinsa, musamman na dare. Da ya yi ƙaranci, jiki zai fara komawa yadda yake. Masana da suka zauna a Bellagio ta ƙasar Italiya a 1988 sun tsayar da cewa in sharuɗɗa 3 suka cika tare, cikin mata 100 ba a samun fiye da 2 da za su ɗauki ciki a wata 6 na farko. Sharuɗɗan su ne yaro bai cika wata 6 ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana. In ɗaya ya faɗi, kariyar ta tashi, ko da sauran biyun suna nan.

Sharaɗin nono zalla shi ne wanda ya fi karyewa a gidajenmu, kuma yana karyewa ne ba tare da an lura ba. Zalla na nufin ba ruwa, ba madarar gwangwani, ba kunu ko koko, ba jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa jariri. Magani ko ɗigon rigakafi da ma'aikatan lafiya suka bayar ba ya ɓata shi. Na san in zafin bazara ya taso za a ce miki yaro yana jin ƙishi, a ba shi ruwa. Ki ba shi nono, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma tsaftatacce. Cokalin ruwa ko na kunu yana cika ɗan cikinsa, ya rage tsotso, ga haɗarin gudawa. Sai kuma tazara tsakanin shayarwa: kada ta wuce awa 4 da rana, kada ta wuce awa 6 da dare. Ranar da yaro ya fara barci tun bayan isha'i har asuba ba tare da ya nemi nono ba, kowa zai ce an huta, amma ke ki sani kariyarki ta yi rauni. Haka nan in kin koma aiki ko makaranta kina tatsa ana ba shi a kofi. Nonon yana amfanarsa ƙwarai, sai dai tatsa ba ta kai tsotso ƙarfi wajen danne ƙwai ba.

Game da jini, wanda kika gani cikin kwana 56 na farko ana ɗaukarsa na biƙi ne a wannan lissafi, ko da ya ɗauke ya dawo. Bayan kwana 56, in kika ga jini kwana 2 a jere, ko wanda ke da kanki kika ji al'ada ce, ki ɗauka ta dawo. Lissafin asibiti nake miki. Hukuncin salla da azumi daban ne, na malamai.

Dalilin da na damu da wannan shi ne jikinki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, kuma hakan ya zo daidai da shekara 2 cikakku na shayarwa da muka sani a addini. Ciki da haihuwa suna cinye jinin mace, kuma yana ɗaukar watanni kafin ya dawo. Cikin da ya shiga da wuri ya fi zuwa da ƙarancin jini, haihuwar bakwaini da jariri mara nauyi, na goye kuma a yaye shi ba shiri. Wadda aka yi wa tiyata ta fi kowa buƙatar jira, saboda ɗinkin mahaifa yana iya buɗewa a naƙuda in bai warke sosai ba.

Lokacin da ya fi dacewa ki yanke shawara shi ne mako 6, ranar da za ki kai yaro rigakafi. Sashen tazarar haihuwa yawanci yana cikin asibitin nan. Ku tattauna da maigidanki kafin ranar, in zai yiwu ku je tare, don abin da aka yi a ɓoye shi ne ake cirewa da rigima. A auna hawan jininki, ki faɗa musu duk maganin da kike sha.

Cikin hanyoyin tazarar haihuwa, ashana, wato ɗan silin magani da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse, ita ce ta fi rashin kuskure, domin babu abin da za ki tuna. Implanon sili 1 ne, yana shekara 3. Jadelle sili 2 ne, yana shekara 5. Ba ta rage nono, ana iya sa ta ma tun kafin mako 6, kuma da an cire ta, haihuwa tana dawowa nan da nan. Matsalarta jini ne mara tsari: ɗigo-ɗigo, ko ya daɗe, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Ɗaukewar ba taruwa jinin yake yi a ciki ba, bangon mahaifa ne bai yi kaurin da zai zube ba. In zubar ta dame ki, ki koma, akwai maganin da ake bayarwa. Maganin tarin fuka mai suna rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya suna rage mata ƙarfi, haka ma suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa ta masu shayarwa.

Allurar wata 3, Depo-Provera, mai shayarwa tana fara ta daga mako 6, ana maimaitawa duk mako 13. Akwai Sayana Press, irinta ce amma a ƙarƙashin fata, har ana koya wa mace ta yi wa kanta a gida, akwai kuma Noristerat ta wata 2. Abin da ya kamata ki sani kafin ki zaɓi allura shi ne bayan an daina ciki yakan yi jinkiri, ga mata da yawa wajen wata 10 daga allurar ƙarshe, wasu har shekara. Ba ta kashe haihuwa, amma in kuna son wani cikin da zarar an yi yaye sai ki daina da wuri. Wasu kuma tana sa su ƙiba.

Robar mahaifa mai tagulla ba ta da sinadarin da ke shiga jini ko nono, kuma tana kai shekara 10. Ana sa ta cikin awa 48 da haihuwa, in an wuce nan sai bayan mako 4. Takan ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara a watannin farko, don haka mai ƙarancin jini ta yi tunani. In kika ji zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani, ruwa mai wari, ko kika ji zaren ya yi tsawo ko robar ta leƙo, ki je asibiti ranar.

A kan ƙwaya nake so ki buɗe ido sosai, domin iri 2 ce kuma a kemis ana iya miƙo miki kowace. Akwai mai sinadari 1, ta masu shayarwa, irin su Microlut da Exluton. Ana shanta kullum ba hutu, kuma a lokaci ɗaya. In kika makara fiye da awa 3, ki sha da zarar kin tuna, sannan ku yi amfani da kwaroron roba ko ku haƙura kwana 2. Ki ɗaura ta da sallar da ba kya kuskurewa, ki ajiye katin kusa da darduma inda yara ba sa kaiwa. Ɗayar mai sinadari 2 ce, tana da estrojin, wanda zai iya rage nono, kuma yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya a makonnin farko. Ba a sha ta kafin mako 6 ko kaɗan, kuma mai shayarwa gara ta bar ta sai yaro ya wuce wata 6. Mai hawan jini, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ta bar ta gaba ɗaya.

Kwaroron roba yana aiki tun ranar farko. Shayarwa takan busar da gaban mace saboda estrojin ya yi ƙasa, har saduwa ta yi zafi. Ba ciwo ba ne, kuma ba abin da ya lalace. Ki nemi man santsi na ruwa a kemis. Kada a shafa man kaɗanya, man zaitun ko basilin in ana amfani da roba, mai yana cinye ta ta fashe. Zubarwa a waje kuwa ya fi babu, amma cikin ma'aurata 100 da suka dogara da shi wajen 20 suna samun ciki a shekara.

Lissafin kwanaki ki ajiye shi tukuna. Al'adun farko bayan haihuwa ba su da tsari, wannan ta zo bayan kwana 24, waccan bayan 40. Ba a fara dogara da lissafi sai an ga al'ada sau 4 kuma tazarar ta zauna tsakanin kwana 26 da 32. Amma ki san alamar ƙwai: farin ruwa mai santsi da yauƙi, kamar ɗanyen farin ƙwai, yana miƙewa tsakanin yatsu. In kin gan shi, ko al'ada ba ta dawo ba, ki ɗauka kwanakin ɗaukar ciki ne. Ƙwai yana rayuwa awa 12 zuwa 24 kacal, amma maniyyi yana kai kwana 5 a jikin mace yana jira.

In an yi saduwa ba kariya bayan sharaɗi ya karye, akwai ƙwayar gaggawa irin Postinor-2. Ta fi aiki cikin kwana 3, kuma gara a sha da wuri. Ba ta hana shayarwa, ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, kuma ba ta kullum ba ce. Ki yi gwajin fitsari bayan mako 3. In kuma Allah ya kawo rabo ciki ya shiga kina goyo, kada ki bari a tsorata ki da cewa nonon ya gurɓace, a cire yaro rana ɗaya. Nonon mai ciki ba ya cutar da yaro, yayen gaggawa ne ke jefa shi cikin tamowa. Ki ci gaba da ba shi, ki ƙara cin abinci, ki fara awo da wuri, ki sha maganin ƙarin jini. Sai dai in ana ganin jini, ko kina da tarihin naƙuda kafin lokaci, nan likita ne zai ce ko a rage.

Ki duba katin rigakafin yaro ki ga ranar mako 6, ki sanar da ni. In maigidanki ba zai samu zuwa ba, zan zo in riƙe miki yaron ki shiga ki yi tambayoyinki a tsanake. Allah ya raya mana shi, ya ƙara miki lafiya.

Wassalam,
Mahaifiyarki